Sa Hannun Marubuci, Daga Majalisar Hariri Zuwa Bikin Ƙaddamarwa

A watan Sha'aban na shekara ta 504 bayan Hijira, wato cikin Fabrairu na 1111, aka sauke karatun wani littafi a birnin Bagadaza. Littafin shi ne Muƙamat, mai shi kuwa, Abu Muhammad al-Ƙasim al-Hariri mutumin Basra, yana zaune a wurin. An yi zama da yawa ana bin muƙamomin nan 50 ɗaya bayan ɗaya a gabansa, malaman gari suna saurare. Da aka kai ƙarshe sai aka rubuta sunayen mahalarta a jikin littafin, shi kuma ya ɗauki alƙalami ya shaida da hannunsa cewa an yi wannan karatu, ya kuma ba su izinin su ruwaito daga gare shi. Kwafin yana nan ajiye har yau a babban ɗakin littattafai na ƙasar Masar da ke Alƙahira. Masu tarihin malamai sun ruwaito cewa kwafi 700 Hariri ya sa wa hannu a rayuwarsa. Ko da an rage wani abu daga wannan adadi saboda halin masu ruwaya, abin da ya saura ya isa a ce marubucin Larabci ya san zaman sa hannu shekaru aru-aru kafin a san kantin littattafai irin na zamani a Pari ko Landan.

Na faro da Hariri ne domin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya yi nisa a karatun zaure, a Damagaram ko Tawa ko Kano, ya san Muƙama tana cikin littattafan lugga da ɗalibi ke taƙama da saukarsu. Abin da nake so ƴan uwana malamai su lura da shi shi ne yadda al'amura suka jeru a waccan majalisa: karatu ne a gaba, tambaya da gyara suna biye, sa hannu ya zo daga ƙarshe a matsayin shaida. Littafin da ake kwafa da hannu yakan tara kurakurai daga wannan magatakarda zuwa wancan, ga shi rubutun Larabci sau da yawa babu wasali, Hariri kuwa gwanin kalmomi ne masu wuya da wasa da harshe. Wanda bai ji daga bakin mai littafi ba, ko daga bakin wanda ya ji, da wuya ya karanta daidai. Tawadar marubuci a ƙarshen littafi ita ce ke tabbatar wa na baya cewa wannan kwafi abin dogara ne, kuma mai riƙe da shi ya cancanci ya karantar.

Wannan al'ada ta sauraro da shaida ta bunƙasa ƙwarai a ƙasar Sham cikin ƙarni na 12 da na 13. Ibn Asakir, wanda ya rasu a 1176, ya yi shekaru yana zama a babban masallacin Banu Umayya ana karanta littafinsa na tarihin Dimashƙa, wanda a bugun zamani ya kai juzu'i 80. Takardun shaidar da suka wanzu sun nuna cewa masu zuwa sun haɗa da ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu da sojoji da bayi, har da yara ƙanana da iyayensu suka riƙo. Magatakardan majalisa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Wanda ya makara, an rubuta daga inda ya fara ji. Wanda ya tashi tun ba a gama ba, an rubuta. A wasu takardun irin waɗannan har wanda gyangyaɗi ya ɗauka an ambata. Malamin da ke kiran suna kowace safiya zai gane wannan aiki.

A ƙasarmu ma marubuta sun nemi hanyar isa ga jama'a da dabarunsu. Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji ta ba kowace malfa, suna karɓar waƙoƙi daga wurinta suna koya wa ƴan taru a ƙauyuka, suna kuma jagorantar su zuwa gare ta. Baitocin Imfiraji na Aliyu Namangi, makahon malamin Zariya, sun shiga kasuwanni da tashoshi a bakin makafi, kuma da yawa daga masu jin su ba su taɓa riƙa bugun littafin ba.

Injin ɗab'i ne ya raba wannan zumunci. Da kwafi dubu suka riƙa fitowa iri ɗaya, babu sauran buƙatar marubuci ya shaida kowanne, sai ya koma suna kawai a bangon littafi. Kalmar dédicace da muke koya wa ɗalibai tana da ma'ana biyu a Faransanci, kuma ta farin ba ta shafi mai karatu ba ko kaɗan: wasiƙar yabo ce da ake bugawa a farkon littafi zuwa ga basarake ko attajiri, da fatan ya buɗe bakin jaka. A 1643 Corneille ya sadaukar da Cinna ga wani mai kuɗi da ake kira Montoron, har ya kwatanta karamcinsa da na Sarki Ogusta na Rum. Yabon ya yi yawa har sunan Montoron ya zama abin ba'a ga duk wani kirari na neman abin duniya. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Roƙo ne, sai dai an sa masa rigar boko. Ma'ana ta biyu, wato ƴan kalmomin da marubuci ke rubuta wa mai karatu da hannunsa a shafin farko, ta yaɗu ne daga baya, lokacin da masu saye suka maye gurbin sarakuna wajen ciyar da marubuta.

Mutumin da ya fi kowa gane abin da wannan canji ke nufi shi ne Charles Dickens na Ingila. A ƙarshen Disamba na 1853 ya tsaya a babban zauren birnin Birmingham ya karanta labarinsa na Kirsimeti domin tara wa wata cibiyar ilimin manya kuɗi, ya kuma nemi a keɓe dare ɗaya a rage kuɗin shiga saboda leburori da iyalansu. Abin da ya gani a fuskokin mutane a daren bai bar shi ba. A Afrilu na 1858 ya fara karatu don aljihunsa a Landan, duk da amininsa John Forster ya hana shi, yana ganin zubar da girma ne marubuci ya hau dandali kamar ɗan wasa. Dickens bai ji ba, kuma daga nan har ƙarshen ransa ya yi karatu a bainar jama'a kusan sau 470.

Ba ya hawa dandali da ka. Ya sa an ƙera masa tebur na musamman wanda ba ya ɓoye jikinsa, da labule mai duhu a bayansa, da fitilun gas da ke haska fuskarsa, har da ma'aikaci mai kula da su da ke bin sa gari gari. Yakan ɗauki babin littafi ya yanke, ya haɗa, ya zubar da dogon bayani ya bar zance, ya rubuta wa kansa tuni a gefen shafi inda zai sassauta murya da inda zai ɗaga, sa'an nan ya maimaita a ɗakinsa har ya haddace. Littafin da ke hannunsa a kan dandali kusan ado ne. Wannan shi ne abin da yawancin marubutanmu ba su yarda da shi ba har yau: shafin da aka rubuta don ido sai an sake masa ɗinki kafin ya dace da kunne. Mai tatsuniya da maroƙi sun san haka, ɗan boko ne yake mantawa.

A Amurka, daga Disamba na 1867 zuwa Afrilu na 1868, ya yi zama 76, mutane suna kwana a layi cikin tsananin sanyi don samun tikiti, ya komo da ribar da ta kai wajen fam 19,000. Amma abin ya ci jikinsa. A farkon 1869 ya ƙara kisan Nancy na cikin Oliver Twist a jerin karatunsa, yana yin muryar mai kisa da ta wadda ake kashewa, yana fita daga dandali a galabaice. A Afrilu na wannan shekara likitoci suka tsayar da rangadin a garin Preston. Ya yi zaman ban kwana a Landan ranar 15 ga Maris 1870, ya rasu ranar 9 ga Yuni yana da shekara 58. A ganina Dickens ya maido da murya, amma bai maido da majalisa ba. Dubban mutane suna kallonsa daga nesa, babu mai tambaya, babu mai gyara, babu wanda aka rubuta sunansa.

Wadda ta maido da majalisar wata budurwa ce ƴar shekara 23, Adrienne Monnier. A ranar 15 ga Nuwamba 1915, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta buɗe ɗan kantin littattafai a lamba 7 ta titin Odéon a Pari, wanda aka sani da La Maison des Amis des Livres, wato gidan abokan littattafai. Jarinta kaɗan ne, kuma littattafan da take so, na sababbin mawaƙa, ba su da kasuwa. Sai ta haɗa sayarwa da haya: mutum ya biya kuɗin shiga, ya riƙa ɗaukar littafi yana maidowa. Ra'ayinta shi ne bai kamata a sa mutum ya sayi littafin da bai san abin da ke ciki ba. In ya karanta ya so, zai komo ya saya don ya ajiye. Ɗalibai marasa kuɗi suka sami wurin zuwa. André Breton da Louis Aragon sun yi zirga-zirga a wurin suna samari, Simone de Beauvoir ma tana cikin masu haya lokacin da take ɗaliba.

Da masu karatu suka taru, sai ta kira marubuta. Da dare a ture tebura, a jera kujeru, André Gide ko Paul Valéry ko Jules Romains ya zauna ya karanta abin da sau da yawa bai riga ya fita daga maɗaba'a ba, masu sauraro suna kusa da shi har suna jin numfashinsa. Sirrin waɗannan darare, in akwai sirri, shi ne mai kantin ta san kowa. Ta san wanda ya hayi wane littafi, da abin da ya ce ranar da ya maido. Marubucin da ya shigo ba ya fuskantar baƙi, yana fuskantar mutanen da suka riga suka karanta shi.

Daren da ya fi shahara shi ne na 7 ga Disamba 1921. James Joyce ɗan ƙasar Ailan yana Pari cikin talauci, littafinsa Ulysses kuwa kotu a Amurka ta riga ta hukunta mujallar da ke buga shi kashi kashi a farkon wannan shekara, babu gidan ɗab'i na Ingilishi da ke son taɓa shi. Monnier ta shirya zama don a tara masa kuɗi. Valery Larbaud ya yi bayani a kan littafin da babu wanda ya gani tukuna, aka karanta wasu sassa da aka fassara zuwa Faransanci, wani ɗan wasa Ba'amurke ya karanta wani sashe da Ingilishi. Mutane wajen 250 suka cushe a ɗakuna biyu. Shi Joyce kunya ta sa ya ɓuya a bayan wani shamaki, sai da Larbaud ya jawo shi gaban jama'a. Bayan wata biyu, ranar 2 ga Fabrairu 1922, ƙawar Monnier, Sylvia Beach Ba'amurkiya, mai kantin Shakespeare and Company da ke tsallaken titi a lamba 12, ta fitar da littafin. Kwafi 1,000 aka buga a Dijon: 750 a kan tamma 150, sai 150 a kan tamma 250, sai kuma 100 a kan takarda mai tsada, ɗauke da sa hannun Joyce, a kan tamma 350. A nan mai karatu zai ga yadda sa hannu ya zama haja mai farashinta. Sai dai a lura, kuɗin masu son tawadar Joyce ne ya taimaka aka biya maɗaba'a, kuma bayanin Larbaud ne ya sa aka san akwai abin saye.

Wannan zumunci ya yi wa Beach rana. A tsakiyar shekarun 1930, da tattalin arziki ya karye, Amurkawa suka watse daga Pari, ta yi niyyar rufe kanti. Gide ya tara marubuta suka kafa ƙungiyar abokan kantin, kowane ɗan ƙungiya yana biyan tamma 200 a shekara, ladansa kuwa shi ne ya halarci karatun da marubuta ke yi a wurin. Gide da Valéry da T. S. Eliot da Ernest Hemingway duk sun karanta a 1936 da 1937. Kantin ya rayu har 1941, lokacin da, bisa ga abin da ita kanta ta ba da labari, ta ƙi sayar wa wani hafsan Jamus kwafinta na ƙarshe na Finnegans Wake, ya yi barazanar ƙwace kayan, ta kwashe kome ta ɓoye a bene cikin ƴan sa'o'i.

Bayan yaƙi Elsa Triolet, mace ta farko da ta ci kyautar Goncourt, ta ga cewa leburan Marseille ba zai taɓa shiga kanti a titin Odéon ba. Daga 1950 zuwa 1952, a ƙarƙashin jam'iyyar kwaminis ta Faransa, ta jagoranci abin da aka kira yaƙin littafi: marubuta suka fita larduna suna magana da sa hannu a unguwannin ma'aikata da ƙananan garuruwa, ana kafa ƙananan ɗakunan karatu a bayansu. Akwai farfaganda a ciki, babu shakka. Amma tunanin cewa marubuci ne zai je inda mutane suke ya fi jam'iyyar tsawon rai.

Abin da ya rage a manyan bukukuwan littafi na yau, irin na Pari da aka fara a 1981, sau da yawa layi ne da tebur: ka faɗi sunanka, a rubuta, ka wuce, duka a cikin minti ɗaya. Har marubuciyar Kanada Margaret Atwood, da ta gaji da tafiye-tafiye, ta sa aka ƙera na'urar da za ta riƙa sa hannu daga nesa ta intanet. Ranar da aka nuna ta a bikin littattafai na Landan a 2006, alƙalamin da ke jira a New York ya ƙi motsi.

To, mu fa? Marubutanmu na Faransanci sun daɗe da matsalar da Dickens bai sani ba, wato littafi a wata nahiya, masu karatu a wata. Kotia-Nima na Boubou Hama a gidan Présence Africaine ya fito, Sarraounia na Abdoulaye Mamani kuwa a L'Harmattan a 1980, kuma kantunan gidajen biyu suna titi ɗaya a Pari, titin Écoles. Labarin sarauniyar Lugu ya isa ga mutane da yawa ta fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Mamani ya rasu a 1993 a haɗarin mota kan hanyarsa daga Damagaram zuwa Yamai don karɓar kyautar adabi mai sunan Boubou Hama. Ƴan watanni bayan haka, a Janairu na 1994, aka karya darajar sefa da rabi, littafin da ke zuwa daga Faransa ya ninka kuɗi. Da wane aljihu malamin firamare zai je layin sa hannu?

A cikin wannan hali ne bikin ƙaddamarwa, wanda ya fi ƙarfi a Nijeriya kuma ya ƙetaro mana, ya sami gindin zama. Kowa ya san tsarinsa: shugaban taro, babban baƙo, uban taro, babban mai ƙaddamarwa da ke sayen kwafi ɗaya a kan kuɗin da ya fi na buga littafin duka, sanƙira yana shela ana tafi. Ba na zargin marubucin da ya ci bashi ya biya maɗaba'a don ya nemi mayar da kuɗinsa. Corneille ma abin da ya yi ke nan. Amma na halarci irin wannan taro na awa uku inda aka yi jawabi tara, ba a karanta ko shafi ɗaya na littafin ba, ɗaliban da aka kwaso don cika kujeru suka koma gida ba su san ko labari ne ko waƙa ba.

Marubutan adabin kasuwar Kano, waɗanda masana suka daɗe suna yi wa kallon raini, sun fi mu kusa da hanyar Monnier ba tare da sun san ta ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da sauransu sun fitar da littattafai masu araha, kashi kashi, ana hayar su a shaguna, ana karanta su a gidajen rediyo, suna shigowa kasuwannin Maraɗi da Damagaram tare da sauran kayan Kano. Marubutan sukan sa adireshinsu a littafi, wasiƙu suna zuwa, na yabo da na faɗa da na neman shawara a kan aure. Ƙungiyar su Gidan Dabino ta ɗauki sunanta daga karin maganar nan, raina kama ka ga gayya. Magadansu na yau suna sakin labari babi babi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu suna mayar da martani tun marubuciya ba ta rubuta babi na gaba ba, wani lokaci har su sa ta canza makomar tauraruwar.

Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, wanda ke nufin za a buƙaci littattafan Hausa da masu karanta su fiye da da. Ƙungiyar malamai ko ta al'adu da ke son gayyatar marubuci ba ta buƙatar otal ko babban baƙo. Kwafi biyar ko shida da za su zagaya aji wata guda kafin ranar sun isa a sami yaran da suka zo da tambaya a bakinsu. Marubucin ya zaɓi shafi uku ya gyara su don kunne, ya karanta, ya bar wani ɗalibi ya karanta a gabansa ya gyara masa, da Hausa ko da littafin na Faransanci ne a yi muhawarar. Wanda ba ya da kuɗin saye kada a bar shi ya tsaya daga baya yana kallon masu layi. Kwafi ɗaya za a ware na ɗakin karatun makaranta ko na gidan matasa, a rubuta kwanan wata da sunan gari da sunayen duk waɗanda suka saurara a shafinsa na ƙarshe, marubucin ya sa hannu a ƙasa, a maida shi kan kanta inda mai haya na gaba zai same shi.